Madarar kyanwa da ke ƙarewa a kofin yara: yadda wata doka a Amurka ta zama rufa-rufa

A jihar Fulorida da ke Amurka, doka ta hana a sayar wa mutum ɗanyar madarar shanu domin ya sha. Amma idan mai gona ya rubuta a jikin galan ɗin cewa wannan madara ta karnuka da kyanwoyi ce, ba ta mutane ba, to shikenan, an ba shi damar sayarwa. Mai saye ya biya kuɗinsa, ya kai gida, ya sa a firji. Babu wanda zai bi shi har kicin ya ga ko kyanwa ya zuba wa, ko kuwa ɗansa. Mai gona ya san inda madarar za ta ƙare, mai saye ya sani, hukuma ma ta sani. Kowa dai ya kau da kai.

A watan Agustan 2025 wannan kau da kai ya jawo abin da ake gudu. Ma'aikatar lafiya ta Fulorida ta sanar da cewa mutum 21 sun kamu da ciwo bayan shan ɗanyar madarar da ta fito daga wata gona guda. Shida daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 10 ba, bakwai kuma sai da aka kwantar da su a asibiti. Ƙwayoyin cutar da aka gano su ne Campylobacter da wani mugun nau'in E. coli, wanda idan ya tsananta a jikin yaro yakan kai ga ƙoda ta daina aiki. Ma'aikatar da kanta ta faɗi cewa tunda madarar da sunan abincin dabbobi ake sayar da ita, hannun hukuma bai cika kaiwa ga sa ido kan tsabtar irin waɗannan gonaki ba.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa, ba likitan dabbobi ba ne ni, ba kuma lauya ba. Abin da ya ja ni ga wannan labari tambaya ce mai sauƙi: idan gwamnati ta hana abu ta ƙofar gaba, ta bar ta baya a buɗe, wa take karewa?

Me ya sa aka hana tun farko?

Madara abinci ne mai albarka, amma abin da ya sa take gina jikinmu shi ne ya sa ƙwayoyin cuta ke son ta. Tana da ruwa, tana da sukari da maiƙo da sinadarin gina jiki. Kashin saniya kaɗan ya taɓa hantsa, ko hannun mai tatsa, ko ƙwaryar da ake tatsa a ciki, ya isa. Wani lokacin ma saniyar ce ke ɗauke da cutar a jikinta, kamar tarin fuka na shanu ko bakkale, sai ta biyo ta cikin madarar komai tsabtar mai tatsa. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jin sa, harshe ma ba ya ɗanɗana shi.

Amurkawa sun sha wuya kafin su koyi wannan darasi. A shekarun 1850, a birnin New York, ana kiwon shanu a kusa da masana'antun giya, ana ba su dusar da ta rage, ana tatsar su cikin ƙazanta, ana sayar wa talakawa madarar. Jarirai masu yawa sun mutu. Bayan haka ne dabarar masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ta shigo harkar madara. Dabarar ba wani abin mamaki ba ce: a dumama madara zuwa digiri 63 na ma'aunin Selsiyas na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta da sauri. Wannan zafin ya isa ya kashe ƙwayoyin da ke sa mutum ciwo. Birnin Shikago ya fara tilasta hakan a 1908, sauran birane da jihohi suka bi baya sannu a hankali.

A 1987 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta hana a tsallaka da ɗanyar madara daga wata jiha zuwa wata domin sayar wa mutane su sha. Amma abin da ke faruwa a cikin iyakar kowace jiha, wannan an bar wa jihar. Shi ya sa a yau dokar ta zama wanka da kamar jirwaye. A Kalifoniya za ka iya sayen ɗanyar madara a kanti. A jihar New York sai dai ka je gonar da ke da izini ka saya a can. A wasu jihohin mutane kan haɗa kuɗi su sayi hannun jari a saniya, don a ce madarar saniyarsu suke sha, ba saye suka yi ba. A Fulorida da wasu 'yan jihohi kuwa, hanyar da ta rage ita ce a kira ta abincin dabbobi.

Ƙofar baya

A nan ne lauje ke cikin naɗi. Madarar da aka yi domin mutane tana ƙarƙashin ƙa'idoji masu tsauri: ana duba wurin tatsa, ana auna sanyin tankin ajiya, ana ɗaukar samfur a kai a kai a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke ciki. Abincin dabbobi kuwa wani layi ne daban. Yawanci abin da ake nema a wurin mai sayarwa shi ne ya yi rajista da ma'aikatar gona ta jiha, ya manna takarda mai bayanin abin da ke ciki, ya kuma rubuta gargaɗin cewa ba na mutane ba ne. Dokar tarayya ta ce abincin dabba ma dole ya zama marar cutarwa, amma faɗa daban, bin gona-gona ana gwaji daban.

To ka ga abin da ya faru ke nan. Madarar da ta fi kowace hatsari, wadda ba ta ga wuta ba, ita ce aka fi sakar wa mara. Kuma ita ce ake kai wa yara.

Mai karatu zai iya cewa, to ai wataƙila da gaske kyanwoyin ake saya wa. Akwai masu yin hakan, ba musu. Turawa na kashe kuɗi a kan karnukansu da kyanwoyinsu yadda za ka riƙe baki, kuma a kantunan abincin dabbobi ana sayar da ɗanyar madarar akuya a daskare domin su. Amma galan guda na Amurka ya kusa lita 4. Wace kyanwa ce za ta shanye galan biyu ko uku duk mako, a farashin da ya fi na madarar kanti nesa ba kusa ba? Ƙari a kan haka, mafi yawan kyanwoyi idan sun girma cikinsu ba ya iya narkar da sukarin madara yadda ya kamata, sai ta sa su zawo. Ɗanya ce ko dafaffiya, sukarin nan yana nan daram. Likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗar haka. Wato dabbar da aka rubuta sunanta a jikin galan ɗin ma ba ta bukatar abin da ke ciki.

Sai dai adalci ya sa a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Ƙaramin makiyayi mai shanu 20 ko 30 a Amurka ba zai iya gogayya da manyan kamfanoni masu dubban shanu ba. Idan ya sayar wa kamfani madararsa, kuɗin da zai samu da ƙyar ya biya abincin shanun. Idan kuwa ya sayar kai tsaye ga iyalan da ke zuwa ƙofar gonarsa, ribar ta ninka. A wurinsa takardar nan ta "abincin dabbobi" ita ce ta hana gonar rufewa. Su ma masu sayen ba mahaukata ba ne. Wasu ɗanɗanon suke so, wasu sun gaji da abincin masana'anta, wasu kuma sun yi imani cewa ɗanyar madara na da wani amfani da wuta ke kashewa, duk da cewa binciken kimiyya ya nuna abin da dumamawa ke ragewa na amfanin madara bai taka kara ya karya ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce: ni baligi ne, gwamnati ta bar ni in ci abin da nake so. Wannan ra'ayi ya ƙara samun gindin zama tun da Robert F. Kennedy Jr., wanda bai ɓoye cewa yana shan ɗanyar madara ba, ya zama sakataren lafiya na ƙasar a Fabrairun 2025.

Na yarda baligi na da 'yancin ɗaukar kasada da jikinsa. Amma yaro ɗan shekara 3 da aka miƙa wa kofi bai karanta wata takarda ba, bai kuma zaɓi komai ba.

Kyanwoyin ma ba su tsira ba

Shekara da shekaru muhawarar a kan mutane take. Ana ɗauka cewa ko ba komai, dabbobin da aka fake da sunansu ba abin da zai same su. Shekarar 2024 ta rushe wannan tunani.

A ranar 25 ga Maris na shekarar, ma'aikatar gona ta Amurka ta sanar da cewa an samu murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a jikin shanun madara a jihohin Teksas da Kansas. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da cutar a jikin shanun madara. Mu nan mun san ta a kaji: ta shigo Ghana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, masu kiwon kaji sun yi asara mai yawa. Amma a saniya? Abin ya ba masana mamaki. Da aka bincika, sai aka ga ƙwayar cutar ta fi taruwa a hantsar saniyar, ta cika madarar maƙil. Madarar kan yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa kamar dakashi.

Waɗanda suka fara tona asirin cutar kyanwoyi ne. A wata gona a Teksas akwai kyanwoyi kusan 24 da ake zuba wa madarar shanun da ba su da lafiya. Cikin 'yan kwanaki fiye da rabinsu suka mutu. Kafin su mutu an ga wasu sun makance, wasu suna tangaɗi, wasu suna ta zagaye wuri guda, domin cutar har ƙwaƙwalwa take kaiwa. Shanun galibi kan warke, kyanwoyin ne ba sa kai labari. Daga nan cutar ta bazu har zuwa tsakiyar 2025 ta shiga garke sama da 1,000 a jihohi 17, ta kuma kama wasu ma'aikatan gona, yawancinsu da jan ido da zazzaɓi mai sauƙi.

A ƙarshen 2024 abin ya baro gona ya shigo gari. An samu ƙwayar cutar a ɗanyar madarar da ake sayarwa a kantunan Kalifoniya, aka janye ta daga kasuwa. Hukumar lafiya ta yankin Los Angeles ta tabbatar da cewa wasu kyanwoyin gida, waɗanda ba sa ma fita waje, sun mutu bayan an ba su wannan madara. A watan Disamba gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan cutar. A watan ne kuma ma'aikatar gona ta tarayya ta ba da umarnin a fara gwada samfurin ɗanyar madara a faɗin ƙasar.

Sai a watan Janairun 2025 hukumar FDA ta juyo kan abincin dabbobin kansa. Ta umarci kamfanonin da ke yin abincin karnuka da kyanwoyi da ɗanyen nama, ɗanyen ƙwai ko ɗanyar madara su sake duba tsarinsu na kiyaye lafiyar abinci, su sa murar tsuntsaye cikin hatsarin da dole su yi tanadi a kansa. Mataki ne mai kyau. Amma lura, ba hana sayarwa aka yi ba, cewa aka yi kamfani ya zauna ya yi nazari ya ɗauki matakin da ya dace. Gwaje-gwajen hukumomin sun riga sun nuna cewa dumama madara irin na Pasteur yana kashe ƙwayar H5N1. Maganin yana nan a fili, amma shi ne ainihin abin da masu sayen ɗanyar madara ba sa so.

Akwai kuma wani hatsari da ba a cika maganarsa ba. Ko da a ce kyanwar kaɗai aka ba, ita kyanwar a cikin gida take. Tana hawa gado, yara na wasa da ita, ana wanke kwanonta a wurin da ake wanke na mutane. Kare ko kyanwar da ta ci abinci mai ɗauke da Salmonella na iya zubar da ƙwayar a kashinta ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. Layin da doka ta ja tsakanin abincin mutum da na dabba a takarda yake, a tsakar gida babu shi.

Hanya biyu da wasu suka bi

Ba Amurka kaɗai ta ga irin wannan wasan ɓuya ba. A Ostireliya, inda aka hana sayar da ɗanyar madarar shanu domin sha, dabarar da aka fito da ita ita ce a kira ta madarar wanka, wai ta gyaran fata ce. Ana zuba ta a irin robar madarar sha, ana jera ta a firjin kanti kusa da ta sha. A ƙarshen 2014 hukumomin jihar Victoria suka sanar da mutuwar wani yaro ɗan shekara 3 da rashin lafiyar wasu yara, waɗanda aka danganta da shan wannan madara. Gwamnatin jihar ba ta tsaya jan magana ba. Daga farkon 2015 ta ce duk mai sayar da irin wannan madara, ko dai ya dumama ta, ko ya zuba mata sinadari mai ɗaci da zai sa ba ta shayuwa. Ma'ana, tunda ka ce ta wanka ce, to a yi wankan da ita.

Jihar Jojiya ta Amurka kuwa ta bi ta ɗaya gefen. Ita ma shekaru da yawa madarar dabbobi kawai ta yarda a sayar, kowa kuma ya san mutane ke sha. A 2022 majalisar jihar ta yi doka, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2023, ta halatta sayar da ɗanyar madara ga mutane, amma da lasisi, da duba gona, da gwaji a kai a kai, da gargaɗi a jikin kwalba. Tunaninsu shi ne, tunda ba za a iya hana mutane sha ba, gara a fito da abin fili a sa masa ido.

Wasu ƙasashen ma haka suka rabu. Kanada ta hana sayar da ɗanyar madara tun 1991. Sikotland ta hana ta shanu tun 1983, alhali a Ingila an yarda mai gona mai rajista ya sayar kai tsaye ga mai sha, da rubutun gargaɗi.

Kowace hanya na da illarta. Hani na iya tura cinikin cikin duhu. Halattawa kuma na iya sa mutane su ɗauka cewa hukuma ta ce babu hatsari, alhali gwajin da aka yi ranar Litinin ba ya ba da tabbacin madarar ranar Alhamis. Amma dukkansu biyu sun fi tsarin madarar kyanwa da abu guda: ba ƙarya a cikinsu. Victoria ta ce ba a sha, ta kuma tabbatar ba a sha. Jojiya ta ce ana sha, ta ɗauki nauyin dubawa. Ita kuwa dokar da ta tsaya a tsakiya, abin da ta iya kawai shi ne wanke hannun mai sayarwa da na hukuma ranar da wani ya kwanta asibiti: ai mun rubuta a jiki.

Abin da ya shafe mu

Idan na zo darasin ƙwayoyin cuta a aji, nakan tambayi ɗalibaina: idan na rubuta "ruwa mai tsabta" a jikin bokitin ruwan kwata, ya tsarkaka? Sai su fashe da dariya. To abin da majalisun wasu jihohi a ƙasa mafi arziki a duniya suka yi ke nan da madara. Ƙwayar cuta ba ta iya karatu ba. Zafi kawai ta sani.

Ba ina cewa shanunmu na ɗauke da murar tsuntsaye ba ne, kada wani ya je ya hana Fulani ciniki da sunana. Amma mu mutanen madara ne. Fura da nono, burkina, kindirmo, wagashi, duk abincinmu ne na yau da kullum, tarin fuka na shanu da bakkale kuma ba baƙi ba ne a garken Afirka ta Yamma. Abin farin cikin shi ne iyayenmu mata sun riga Shikago sanin maganin. Mai yin kindirmo na ƙwarai sai ta tafasa madararta kafin ta sa ta kwana. Mai wagashi a kan wuta take haɗa madara da ruwan tumfafiya har ta dunƙule. Inda ake samun matsala shi ne nonon da aka bari ya yi tsami ba tare da an tafasa madarar ba, domin tsami kaɗai ba tabbas ba ne cewa ya kashe waɗannan ƙwayoyi. Ba laifi ba ne, ba kuma raini ba ne, ka tambayi mai nono: "Inna, an tafasa kuwa?" Idan kuma aka kawo maka ɗanyar madara daga ruga, ka ɗora ta a wuta ta tafaso kafin kowa ya kai baki, musamman yara, masu juna biyu da tsofaffi. Ragowar da ka ga ba ta yi maka ba, kada ka ce bari in zuba wa mage. Ita ma rai gare ta, kuma a ɗakinka take kwana.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Amurka, waɗanda kewar nonon gida kan kama, su ma maganar ta shafe su kai tsaye. Idan wani ya nuna maka gonar da ake samun madara "irin ta gida", ka duba abin da aka rubuta a jikin galan ɗin. In ka ga hoton kare ko kyanwa, ka sani cewa wataƙila babu jami'in da ya gwada ta a matsayin abincin mutum. In har ka saya, tafasa ta kamar yadda ake yi a gida, sannan ka yi kindirmonka.

Ga hukumominmu kuwa, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kantunan abincin karnuka da kyanwoyi na ƙaruwa a manyan biranenmu, kayan da ke cikinsu kuma galibi daga waje ake shigo da su. Duk ranar da za a zauna tsara musu ƙa'ida, kada a tsaya a kan abin da aka rubuta a jikin kwali. A tambayi bakin da abin zai shiga da gidan da zai kwana, a yi dokar daidai da wannan.